Haɗa koyarwa a jami'a da aikin lafiyar al'umma: amsa ga wata likita daga Agege

"Assalamu alaikum Malam. Ni likita ce, haifaffiyar Agege. Na gama karatu da shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa, yanzu ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Ikeja. Zuciyata ta karkata ga fannin lafiyar al'umma, kuma burina in koyar a jami'a ba tare da na bar aiki a cikin jama'a ba. Sai dai a gida ana ce mini wannan ai aikin duba-gari ne, wa zai sha wahalar karatun likita ya ƙare a can. Abokan karatuna kuma wasu sun ce in yi MPH, wato digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, in nemi aiki a ƙungiyoyin agaji, wasu sun ce in shiga horon ƙwarewa tukuna, wasu ma sun ce in bar ƙasar kawai. Wace hanya ce ta fi, shekara nawa za ta ci, kuma da gaske ana iya haɗa koyarwa da aiki a fili, ko ɗaya ne ke cinye ɗaya? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Dakta. Allah ya sa albarka a karatun da kika yi, ya yi miki jagora a wanda ke gaba. Idan na fahimce ki daidai, kina son sanin ko wannan fanni ya cancanci likita ta ba shi rayuwarta, da wace takarda ya kamata ki fara a cikin waɗanda ake ta ambata miki, sannan ko mutum ɗaya zai iya riƙe aji da fili a lokaci guda. Ni ta ƙofar likitanci na shigo fannin, a nan Legas nake koyarwa, a nan kuma nake aiki da cibiyoyin lafiya na matakin farko, saboda haka maganata ta fi dacewa da likita irinki. Wanda ya fito daga aikin jinya ko haɗa magunguna ko kimiyyar ƙwayoyin cuta hanyarsa ta ɗan bambanta, zan taɓo ta a gurguje inda ya dace.

Ra'ayina shi ne ki shiga horon ƙwarewa tukuna, ki yi MPH a cikinsa, sannan ki sa digiri na uku a gaba da zarar kin samu gurbi a jami'a. Amma jerin takardun kaɗai ba zai amsa tambayarki ta ƙarshe ba. A iya abin da na gani, malamin da ya ci gaba da zama ma'aikacin lafiya bayan ya shiga jami'a shi ne wanda yake da wata al'umma takamaimai da yake yi wa aiki shekara da shekaru, ya san alƙalumanta, ita ma ta san fuskarsa. Wanda ba shi da wannan, ko takardunsa sun cika jaka, a hankali yakan koma mai maimaita wa ɗalibai abin da ke cikin littafi.

Maganar mutanen gida

Kada ki ji haushin waɗanda suka ce aikin duba-gari ne, domin ta fuskar tarihi ba su yi nisa da gaskiya ba, kuma a wannan gari aka kafa tushen abin. Dakta Isaac Ladipo Oluwole, wanda ya yi karatun likitanci a Glasgow, shi ne ɗan Afirka na farko da aka naɗa mataimakin jami'in lafiya na birnin Legas a 1925, a daidai lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa take kashe mutane a tsibirin, annobar da ta ɓarke a 1924 ba ta lafa ba sai wajen 1931. A 1936 ya zama cikakken jami'in lafiya na birnin, kuma shi ya kafa makarantar horar da duba-gari a Yaba. Wato tun farko mutumin da ake ɗauka uban fannin a Najeriya yana koyarwa yana kuma aiki a unguwanni. Idan kuma mutanen gida sun fi son misali daga Arewa, ki ambata musu marigayi Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a 2023: ya koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shugabanci Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kuma cikin manyan da suka tsaya wajen dawo da amincewar jama'a ga rigakafin shan inna bayan taƙaddamar da ta sa aka ƙaurace wa rigakafin a wasu jihohin Arewa a 2003.

Hujjar da ta fi kusa da mu ita ce ta 2014. Mutumin da ya shigo da cutar Ebola ya sauka a filin jirgin saman Ikeja ranar 20 ga Yuli, marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kuma rasa ranta a dalilin haka. Abin da ya biyo baya shi ne aikin da kike son koya: an bi sawun mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, an kai musu ziyara gida-gida kusan sau 18,500 ana auna zafin jikinsu, aka killace waɗanda suka kamu a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. Mutum 20 suka kamu a duk ƙasar, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar. A birni mai cunkoso irin wannan, da ba a samu mutanen da suka iya wannan aiki ba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Duk da haka akwai abin da za ki rasa, gara ki san shi tun yanzu. Hannunki zai yi sanyi a tiyata da kula da mai jinya da ke kwance rai a hannun Allah, domin ba a nan kwanakinki za su tafi ba. Za ki ci gaba da duba marasa lafiya a asibitin awon ciki, da na yara, da na tarin fuka, da na masu ɗauke da cutar HIV, da na ma'aikata, amma rabin hankalinki zai koma kan rajista da alƙaluma da tsare-tsare. Idan abin da ke sa ki farin ciki a aiki shi ne ganin mutum ya tashi daga gado ta dalilin hannunki, to ki sake tunani, ko ki duba fannin likitancin iyali, wanda yake maƙwabcin namu.

Hanyoyin da aka ambata miki

Horon ƙwarewa yana ƙarƙashin kwalejoji biyu, kuma dukansu hedikwatarsu na nan Legas: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma da ke Yaba. Kowace tana da tsangayar wannan fanni. Za ki fara da jarrabawar share fage, idan kin ci sai ki nemi gurbi a sashen da kwalejin ta amince da shi, kamar na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. Bayan shekarun farko na zagaya ɓangarori, wato ilimin bazuwar cututtuka, da ƙididdiga, da lafiyar mata da yara, da lafiyar muhalli da ta ma'aikata, da gudanar da harkokin lafiya, da zama a cibiyar karkara, sai jarrabawar kashi na ɗaya. Daga nan ki zama babbar mai neman ƙwarewa, ki rubuta kundin bincike, ki kare shi a jarrabawar kashi na biyu. Ki ƙiyasta shekara biyar zuwa shida idan komai ya tafi daidai, ki kuma bar wa yajin aiki da maimaita jarrabawa da haihuwa nasu gurbin a lissafi. Falalar wannan hanya ita ce ana biyan ki albashi kina koyo, a sassa da yawa ana so ki yi MPH ɗin a cikin shekarun farko, sannan idan kin gama jami'a takan ɗauke ki a matakin lakcara na ɗaya, asibitin koyarwa kuma ya ba ki matsayin babbar likita. Wannan matsayi na biyu shi ne ke ba ki hurumin riƙe asibiti da horar da likitoci na ƙasa da ke, kuma MPH kaɗai ba ya ba da shi.

Waɗanda suka ce ki yi MPH ki nemi ƙungiyoyin agaji ba su ba ki mummunar shawara ba, wata tambaya dabam suka amsa. Digirin yana ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana yin sa a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas, da Ibadan inda fannin yake da tsangaya sukutum, da Zariya da Kano da sauran wurare, kuma yana buɗe ƙofar aiki mai albashi da ya fi na jami'a nesa ba kusa ba. Za ki koyi gudanar da shiri, da kasafin kuɗi, da rubuta rahoto a kan lokaci, abubuwan da malaman jami'a da yawa ba su iya ba. Matsalar ita ce aikin na kwantiragi ne, yana rayuwa ne gwargwadon ran tallafin da ke ɗauke da shi, kuma abin da ya faru a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, ya nuna wa kowa yadda shiri kan tsaya cikin 'yan makonni. Bayan haka, bayanan da kika tattara a irin wannan aiki na mai tallafi ne, sai da izininsa za ki wallafa. Na sha ganin ƙwararrun mutane da suka yi shekara goma a can suka nemi dawowa jami'a, sai aka auna su da ma'aunin jami'a, wato wallafe-wallafe da shekarun koyarwa, aka ajiye su a matakin da ke ƙasa da na waɗanda suka taɓa horarwa.

Akwai hanya ta uku da ba a ambata miki ba, wato shirin horar da masu binciken annoba a fili, NFELTP, wanda aka fara a 2008 tare da jami'o'in Zariya da Ibadan. Shekara biyu ne, mafi yawansa a fili ake yi, ana kuma fita da digiri na biyu. Waɗanda suka bi ta cikinsa na daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin bin sawu a lokacin Ebola, kuma da yawansu suna aiki da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, da ma'aikatun lafiya na jihohi. Idan bin diddigin annoba ne ya fi jan hankalinki, ki sa ido a kan sanarwarsu. Ga wanda ba likita ba kuwa, hanyar jami'a a miƙe take: digiri na biyu, sannan na uku, a shiga a matakin mataimakin lakcara ko lakcara na biyu, a zaɓi reshe guda kamar ƙididdiga ko ilimin abinci mai gina jiki ko wayar da kan jama'a a zurfafa a cikinsa.

Batun digiri na uku yana buƙatar bayani, domin za ki ji manya suna cewa shaidar ƙwarewa ta kwaleji ta wadatar. Shekaru masu yawa haka abin yake, likitoci da dama sun kai matsayin farfesa da ita kaɗai. Amma a farkon 2020 an yi babbar taƙaddama tsakanin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da ƙungiyar manyan likitoci, MDCAN, kan ko dole ne malamin likitanci ya mallaki digiri na uku, kuma maganar kan sake tashi duk lokacin da wata jami'a ta sa shi cikin sharuɗɗan neman shugabancinta. Ni ina ganin ƙungiyar tana da hujja idan ana maganar likitan tiyata. A namu fannin kuwa, ko da babu wanda ya tilasta, amfaninsa a bayyane yake, saboda bincike shi ne rabin sana'ar, kuma masu ba da tallafin bincike na duniya da shi suke gane wanda zai iya jagorantar aiki. Dabarar ita ce kada ki ɗauki batu biyu mabambanta. Kundin kashi na biyu ya zama matakin farko na tambayar da digiri na uku zai faɗaɗa, a cikin al'umma ɗaya, ta yadda shekarun za su hau kan juna.

Maganar barin ƙasa ba zan yi miki wa'azi a kanta ba, kowa ya san halin da ake ciki. Abin lura kawai shi ne wannan fanni ya fi sauran fannonin likitanci dogara da sanin wuri. Fita karatu na shekara ɗaya zuwa huɗu a Ingila ko Amurka ko Afirka ta Kudu, musamman don ƙididdiga ko tattalin arziƙin lafiya, riba ce babba, kuma an fi samun gurbi da tallafi idan mutum ya je da tambayar da ya ɗauko daga gida da bayanan da ya tattara da hannunsa.

Inda koyarwa ke cinye aiki

Tsanin jami'a daga lakcara na ɗaya yake hawa zuwa babban lakcara, zuwa mataimakin farfesa, zuwa farfesa, kuma a yawancin jami'o'i sai an yi aƙalla shekara uku a kowane mataki kafin a duba ƙarin girma. Matakai biyu na sama sai an aika wallafe-wallafenki ga masu tantancewa daga wasu jami'o'i. Farfesa yana ritaya a shekara 70, sauran malamai a 65. A kan takarda ana auna abu uku, koyarwa da bincike da hidimar jama'a, amma a zahiri makin wallafa shi ke da nauyi, kuma daga nan ɓarnar take farawa. Malama sabuwar ɗauka za ta tarar an ɗora mata laccocin ɗaliban likitanci, da duba kundayen ɗaliban MPH masu yawa, da haɗa sakamakon jarrabawa, da kwamitoci, sai ta duba ta ga yinin da ta yi a cibiyar lafiya ba ya ƙara mata maki ko ɗaya. Abu mafi sauƙi a lokacin shi ne ta raba wa ɗalibai takardar tambayoyi kan abin da mutane suka sani da abin da suke yi game da wata cuta, a tattara, a wallafa, a wuce. Irin wannan bincike ya cika mujallunmu, kuma kaɗan ne daga cikinsa ya taɓa canza yadda ake gudanar da ko da cibiya ɗaya. Ki kuma yi hattara da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu, domin kwamitocin ƙarin girma sun fara watsi da su, sunan mutum kuma yana ɓaci.

Maganin da na gani yana aiki shi ne a mayar da ayyukan uku su zama aiki ɗaya a wuri ɗaya. Tsofaffin sassa sun gane haka tun da daɗewa, shi ya sa Ibadan ta kafa shirin Ibarapa a Igbo-Ora a 1963, LUTH take da cibiyarta a Pakoto kan hanyar Abeokuta, wadda ke da kike Agege kin fi mazauna Idi-Araba kusa da ita, Zariya take da Yakawada, Kano take da Kumbotso. A nawa aikin, ranar da nake duba marasa lafiya a cibiya ita ce ranar da ɗalibai ke tare da ni. Kafin in yi musu lacca kan rigakafi, sai na zaunar da su gaban rajistar cibiyar, su ƙirga yaran da suka karɓi allurar mako shida, su ƙirga waɗanda suka dawo ta mako goma sha huɗu, su fitar da gibin da kansu, sannan su bi wasu daga cikin gidajen su ji dalili. Abin da suka samo shi muke kai wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, shi ne kuma yake zama tushen binciken da za a wallafa. Yini ɗaya ya biya bukata uku, kuma ɗalibin da ya taka ƙafarsa cikin kwata ya nemo uwar da ba ta dawo ba ba ya manta darasin.

Filin da ke gabanki

A nan ne nake ganin kina da abin da yawancin abokan aikina ba su da shi. Duk lissafin lafiyar al'umma yana tsaye ne a kan sanin yawan mutanen da ake magana a kansu, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba Legas kimanin miliyan 9, gwamnatin jihar ta ce sun haura miliyan 17. Daga waccan ƙidaya ake ta hasashe har yau, shi ya sa za ki ga rahoton wata mazaɓa na cewa an yi wa sama da kashi 100 cikin 100 na yara rigakafi, alhali ga yaran da ba a taɓa yi musu ba suna wasa a bayan cibiyar. Idan haka lissafin yake ga mazauna na dindindin, ki auna yadda yake ga Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, waɗanda wasunsu kakanninsu a nan aka haife su, wasu kuma 'yan ci-rani ne da ke komawa gida da faɗuwar damina. A jimillar alƙaluma Legas na cikin jihohin da suka fi kowa a rigakafi da haihuwa a asibiti, kuma wannan kyakkyawar jimilla tana iya rufe unguwannin da halinsu ya fi kama da na jihohin da mutanen suka fito.

Tambayoyin da ke jiran mai bincike a nan suna da yawa, kuma kowace za ta iya ciyar da aikin shekara goma. Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi. Me ke faruwa da ɗan dako a Mile 12 da ya fara sha a watan Maris, ya ji sauƙi, ya tafi noma a watan Yuni, kuma wace hanya za a bi a miƙa shi ga wata cibiya a Jigawa ko Katsina ba tare da ya ɓace tsakanin rajista biyu ba? Matar da ta yi awo a Agege ta tafi gida goyon ciki, ta haihu a can, ta dawo bayan arba'in ko fiye, katin ɗanta a ina ya fara, wa ke bin sauran alluran har zuwa ta ƙyanda a wata tara? Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano da Legas na cikin jihohin da aka fara ganin sa, kuma duk wanda ya san yawan motocin da ke zirga-zirga tsakanin biranen biyu kullum ba zai yi mamaki ba. Ga 'yan garuwa, waɗanda unguwanni da yawa suka dogara da su, kuma duk lokacin da kwalara ta tashi, kamar yadda ta yi a tsakiyar 2024, akan nuna su da yatsa ba tare da an zauna da su an ga inda suke ɗiban ruwan da yadda za a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ga mahauta a mayankar Oko-Oba da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Ga masu kemis da wanzamai da ungozomomi, waɗanda su ne ake fara zuwa wurinsu kafin asibiti. Ke za ki iya shiga cikin gida ki zauna da matan aure ki ji abin da ba za a faɗa ta bakin tafinta ba.

Sai dai zama 'yar gida ba ya ɗauke miki ƙa'ida, yana ma ƙara miki nauyi. Za ki bi ta hannun Sarkin Hausawan yankin da limamai da malaman Islamiyya da shugabannin kasuwa, ki kuma bi ta hannun jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha, domin ba tare da su ba sakamakonki ba zai zama aiki ba. Kowane bincike sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi, sai kuma kowane mutum ya yarda da bakinsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Izinin sarki ko na maigida ba ya maye gurbin yardar matar da za a yi wa tambaya. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo na cikin abin da ya ciyar da ƙin rigakafi daga baya. Ki kula da yadda kike rubuta sakamako, kada takardarki ta zama hujja a hannun masu cewa baƙi ne ke kawo cuta. Kuma duk abin da kika gano, ki koma ki faɗa wa mutanen da kika tambaya kafin ki faɗa a taron masana, domin unguwannin da ke kusa da asibitocin koyarwa sun gaji da masu zuwa da takarda su tafi ba a sake ganin su ba.

Kuɗi, iyali da zaɓen wurin horo

Albashin malamin jami'a a Legas, idan aka cire kuɗin haya da na mota, ba ya barin abin a zo a gani, kuma taƙaddama kan tsarin albashin da ya kamata a biya malaman likitanci da shi ta daɗe ba ta ƙare ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Abin da ke riƙe yawancinmu shi ne tallafin bincike, na cikin gida kamar na asusun TETFund da na waje, da aikin ba da shawara na ɗan lokaci ga ma'aikatu da hukumomin duniya. Duka biyun suna zuwa ne ga wanda aka sani da abu ɗaya da ya iya sosai, saboda haka tun yanzu ki fara koyon sarrafa alƙaluma da manhaja irin su Stata ko R, ki sauke bayanan binciken lafiya na ƙasa, NDHS, waɗanda ake bayarwa kyauta ga mai bincike, ki gwada fitar da na Legas ki kwatanta da na Kano. Cibiyar binciken likitanci ta ƙasa, NIMR, tana nan Yaba, kuma tana shirya horo da taruka da ya kamata ki riƙa leƙawa.

Za a ce miki fannin ya dace da mace saboda babu kwanan asibiti da yawa. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai zaman karkara na makonni, akwai tafiye-tafiye, kuma ranar da annoba ta tashi babu lokacin tashi daga aiki, kamar yadda aka gani bayan an tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a nan Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020. Wannan magana ce da za ki yi da maigida ko da iyaye tun kafin ki cike takarda, kuma ni daga nesa ba zan iya auna miki nauyin da ke kanki a gida ba. Haka nan ƙa'idojin ɗauka da na ƙarin girma sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, suna kuma canzawa, don haka ki nemi kundin ƙa'idar jami'ar da kike hari da na kwalejin da za ki rubuta wa jarrabawa ki karanta da idonki.

Kafin ki zaɓi sashen da za ki yi horo, ki je da ƙafarki, ki nemi manyan masu neman ƙwarewa a wurin, su za su gaya miki abin da shugaban sashe ba zai faɗa ba. Ki tambaye su ko amincewar kwalejojin biyu tana nan daram, mutum nawa suka gama kashi na biyu a 'yan shekarun nan kuma shekara nawa ya ɗauke su, ko cibiyar karkarar tana aiki da gaske ko sai ranar da masu tantancewa za su zo ake share ta, da kuma wane malami ne yake karanta kundin ɗalibi ya dawo da shi da gyara cikin lokaci. Wannan malamin shi za ki nema, ko da batun bincikensa bai yi daidai da naki ɗari bisa ɗari ba. A halin yanzu kuma, tun kina asibitin da kike, ki yi rajistar jarrabawar share fage ta zagaye mai zuwa, ki je cibiyar lafiya mafi kusa da gidanku a Agege ki gabatar da kanki ga jami'in da ke kula da ita, ki roƙi a bar ki ki riƙa zuwa ranar rigakafi ko ranar awo sau ɗaya a mako. Wata shida a haka za su nuna miki ko aikin ya karɓe ki, kuma idan kin zo ganawar neman gurbi za ki zo da tambayar bincike da kika gani da idonki.